Folibiyus da Sarki Furusiyas: Ko An Yi Masa Adalci?

Maƙasudin wannan ɗan sharhi shi ne mu duba hoton da marubucin tarihin nan Bagirke, Folibiyus, ya zana na Furusiyas na Biyu, sarkin Bitiniya, wata ƙasa da ke arewa maso yammacin Turkiyya ta yau.

A shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa suka murƙushe Farsiyus, sarkin Makidoniya, a yaƙin Fidna. Shi kuwa Furusiyas 'yar'uwar Farsiyus yake aure. A 167 sai ya tafi birnin Rum don taya murna. Folibiyus ya ba da labarin cewa da ya isa ƙofar Majalisar Dattawa sai ya zube ƙasa, ya gai da dattawan kamar alloli. Ya ce tun kafin nan ma ya taɓa tarbar jakadun Rum da askakken kai da hular 'yantattun bayi. Daga nan ya yanke masa hukuncin ragwanci da rashin cancantar sarauta.

Ba a raina Folibiyus wajen iya tsara labari. Hula guda ta ishe shi nuna yadda sarautar Girkawa ta zube. Amma in mai karatu ya natsu, zai ga rauni biyu.

Na farko, bai auna abin da ya sami sauran sarakuna ba kafin ya yanke hukunci, alhali shi da kansa ya rubuta shi. A 168 jakadan Rum ya zana da'ira kewaye da Antiyokus na Huɗu, ya hana shi fita sai ya yarda ya janye daga Masar. Yumenes na Fargamon kuwa, wanda ya taya Rumawa yaƙi, daga Birindisi aka mai da shi gida. Surukin abokin gaba fa, wace hanya ta rage masa? Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Furusiyas ya koma da rawaninsa, ya ƙara shekara 18 a gadon mulki.

Na biyu, wane ne mai zargin? Folibiyus yana cikin Girkawa 1,000 da aka kwasa zuwa Italiya a 167, ya kuma sami inuwa a gidan Sikifiyo. Laifi tudu ne. Libiyus ma ya nuna cewa marubutan Rum sun kawo ziyarar cikin mutunci, kafin ya kawo ruwayar Folibiyus.

Kada a ɗauka wanke Furusiyas muke yi. A 156 ya auka wa Fargamon, Rumawa suka tilasta masa biyan diyya da miƙa jiragen ruwa 20. A 149 ɗansa Nikomides ya tayar masa, aka kashe shi, Rum ɗin da ya durƙusa wa ba ta cece shi ba. A ganina nan ne darasin yake, kuma raini ya hana Folibiyus tsayawa a kansa: durƙuson ya saya masa kwanaki, bai saya masa aminci ba.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, duk marubucin da ya nuna mana ragon sarki, mu fara tambayar a gidan wa ya ci tuwon dare.