Gandoki da Taswirar Zamani: Hanyoyi Biyu na Ƙetare Lokaci

Malamai da yawa sukan koya wa ɗalibansu cewa labarin kimiyya bai shigo rubutun Hausa ba sai da Umaru Dembo ya fito da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. In ana nufin tafiya sararin sama, maganar tana kan hanya. Amma in ana nufin mutum ya fita daga zamaninsa ya faɗa wani, to, an makara da shekara 35.

Za a fi ganin haka in an ɗauko littafin Félix J. Palma, mutumin Sifen, wanda ya fito a 2008, ma'anar sunansa Taswirar Zamani. Labarin yana London ne a 1896, zamanin Sarauniya Victoria. Marubucin ya sa H. G. Wells, wanda ya wallafa labarin keken tafiya cikin zamani a 1895, ya zama ɗan wasa a ciki, tare da Bram Stoker da Henry James. Wani saurayi yana so a mai da shi 1888 don ya ceci masoyiyarsa daga hannun makashin nan Jack the Ripper. Wells ya shirya masa tafiyar, amma ta ƙarya ce. Nan gwanintar littafin take, watau mai karatu kullum yana tambaya ko an yi tafiyar ko ruɗi ne. Aibinsa kuwa yawan kwana-kwana, har baƙin cikin saurayin ya zama abin wasa.

Gandoki na Malam Bello Kagara, wanda aka buga a Zariya a 1934, ba shi da keke. Jarumin ya yaƙi Turawa lokacin da Kwantagora ta faɗi a 1901, shekarar da Victoria ta rasu, sa'an nan ya ɓace cikin ƙasashen aljannu. Da ya komo, sai ya tarar mulkin da ya yaƙa ya kafu, yara suna makaranta. Bahaushen da ya san ƙissar As'habul Kahfi ba ya bukatar a yi masa bayanin irin wannan komowa.

Bambancin yana da nauyi. Mutumin Palma yana neman ya gyara jiya. Gandoki ba shi da wannan dama, an ci ƙasarsa an gama, abin da ya rage masa shi ne ya ba yara labari. Ko Shu'aibu Maƙarfi, a Zamanin Nan Namu na 1959, wannan damuwa ce ta sauyin zamani ya ɗauka, sai dai mutanensa ba su motsa ko'ina ba, zamanin ne ya iske su a gida.

Inda Gandoki ya yi rauni shi ne saurin saukowar jarumin. Wanda ya sha wuta a fagen fama bai kamata ya huce cikin 'yan shafuna ba. Amma a tuna, ofishin fassara na gwamnatin Turawa ne ya shirya gasar 1933, ƙarƙashin Rupert East, shi ne kuma ya buga littafin.