Shinge da Kyakkyawan Ƙarshe: Nazarin Littattafan Soyayyar Namiji da Namiji

Tsakanin 1913 da 1914 marubucin Ingila E. M. Forster ya rubuta littafi mai suna Maurice, ya ajiye shi, sai abokai na kusa kaɗai yake nuna wa. Ba a buga shi ba sai 1971, shekara guda bayan rasuwarsa. Labarin wani dillalin hannun jari ne ɗan masu hali, wanda ya kamu da son Alec, mai gadin dajin farauta a gidan abokinsa. Babu batsa a littafin. Abin da ya hana shi fitowa shi ne yadda ya ƙare: ba wanda ya mutu, ba wanda aka ɗaure, ba wanda ya yi nadama, su biyun suka zaɓi juna. A ƙasar da ta yanke wa marubuci Oscar Wilde ɗaurin shekara biyu da aiki mai tsanani a 1895 kan alaƙar namiji da namiji, wadda kuma ba ta sassauta dokar ba sai 1967, irin wannan ƙarshe ba ya buguwa. Forster ya san da haka, ya kuma ƙi sauya shi.

Na san ƙasar da nake rubutu a cikinta. Addinin mafi yawan masu karanta wannan shafi ya haramta wannan alaƙa, dokar Najeriya ta 2014 kuma ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya. Fatawa aikin malamai ce. Nawa aikin shi ne duba wani reshe na adabi da miliyoyin mutane ke karantawa daga Amurka har Japan, in gano yadda aka gina shi da abin da ke riƙe masu karatunsa.

Da yawa daga cikin littattafan da suka iya fitowa a zamanin Forster sai da suka biya diyya da jini. A littafin Gore Vidal na 1948, The City and the Pillar, jarumin ya kashe wanda yake so a bugun farko. A Giovanni's Room na James Baldwin, wanda ya fito a 1956, labarin yana tafiya ne a daren da za a zartar wa Giovanni hukuncin kisa a Faransa. Littafin Baldwin gwaninta ce da ba kasafai ake samun irinta ba, amma ba littafin soyayya ba ne a ma'anar da 'yan kasuwar littafi suka sani. A wurinsu sharaɗi biyu ne: soyayyar ta zama ita ce ƙashin bayan labari, kuma a rufe littafi masoyan suna tare. Wannan alkawari ne tsakanin marubuci da mai saye. A 1970 Gordon Merrick ya cika shi da The Lord Won't Mind, littafin ya kuma yi makonni a jerin waɗanda suka fi kasuwa na jaridar New York Times.

Sai dai ainihin gidan da wannan adabi ya girma ba shagunan littafi ba ne, kuma ba maza suka raine shi ba. A shekarun 1970 mata masu sha'awar shirin talbijin na Star Trek suka fara rubuta labaran da suka haɗa jarumansa maza biyu, Kirk da Spock, suna buga su a 'yan mujallun da suke kwafa da kansu, suna aika wa juna ta gidan waya. A daidai wannan lokaci, ba tare da sanin juna ba, mata masu zanen labari a Japan irin su Moto Hagio da Keiko Takemiya suna zana soyayyar samari don 'yan mata su karanta, har aka kafa mujallar June a 1978 don wannan kaɗai. Da na'urar karanta littafi ta Kindle ta fito a 2007, sai kasuwar ta buɗe gaba ɗaya. Ba bango da za a gani a hannunka, ba mai shago da zai kalle ka, kuma marubuciya na iya buga littafinta ba tare da roƙon kamfani ba.

Duk wanda ya tashi da littattafan soyayya na Kano ya san cewa labarin so ba ya tafiya sai da shinge. Cire auren dole, ko kishiya, ko uban da ya raina talaucin saurayi, sai labarin ya ƙare a shafi na goma. A nan ne nake ganin sirrin rabe-raben wannan adabi na Turai da Amurka. Muddin doka tana hukunta masoyan, marubuci ba ya wahalar neman shinge. Da doka ta janye, musamman bayan Kotun Ƙolin Amurka ta halatta auren jinsi ɗaya a 2015, sai ya zama dole a nemo shi a wani wuri. Kowane reshe amsa ce ga wannan tambaya guda.

Masu rubutun tarihi sun koma baya inda shingen yake a tsaye. Sukan zaɓi Ingilar farkon ƙarni na 19, lokacin da laifin ke kai mutum ga igiya. Mutum biyu na ƙarshe da aka rataye a kansa an rataye su a Landan a 1835, hukuncin kisan kuma bai fita daga doka ba sai 1861. K. J. Charles da Cat Sebastian su ne gwanayen wannan fage, kuma shi ne reshen da na fi girmamawa. Dalili kuwa, an hana marubucin hanya mai sauƙi. Ba ɗaurin aure, ba biki, ba dangi da za su taru su sa albarka. Dole ya ƙirƙiro zaman lafiyar da mai karatu zai yarda da shi: mai gida da sakatarensa, abokan ciniki biyu da ke haya a gida ɗaya, bawan gida amintacce da ya gani ya kama bakinsa. Kowace wasiƙa na iya zama hujja a kotu, kowane maƙwabci na iya zama mai karɓar kuɗin toshiyar baki. Shi ya sa ƙaramin abu kamar gyara wa mutum wuyan riga ke ɗaukar nauyin da shafi goma na kalaman so ba za su ɗauka ba. Charles takan ƙara da bambancin aji, wani lokaci da launin fata, ta yadda ko da doka ba ta nan akwai abin da zai raba su.

Masu rubutun wasanni sun gano wurin da tsoron bai gushe ba har yau, wato ɗakin canza kaya na 'yan wasa. Wannan ba ƙage ba ne. Justin Fashanu, ɗan ƙwallon Ingila wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya bayyana kansa a 1990, ya sha tsangwama, ya kashe kansa a 1998. Sai a 2022 aka sake samun ƙwararren ɗan wasa namiji mai bugawa a Ingila da ya yi haka, Jake Daniels na Blackpool. A kan irin wannan shiru Rachel Reid ta gina Heated Rivalry a 2019, labarin taurarin wasan hoki biyu, ɗan Kanada da ɗan Rasha, waɗanda duniya ta sani a matsayin abokan gaba alhali sun shekara da shekaru suna haɗuwa a ɓoye. Ƙarfin littafin yana cikin tsawon lokacin, da yadda kowannensu ke jin tsoron furta abin da ɗayan ya riga ya sani.

Akwai kuma masu sa soyayyar cikin binciken kisan kai, kamar jerin Adrien English na Josh Lanyon, inda mai shagon littafi ya faɗa son ɗan sandan da ke zarginsa. Akwai masu barkwanci da siyasa, kamar Red, White & Royal Blue na Casey McQuiston, ɗan shugabar Amurka da yariman Ingila, wanda aka mayar fim a 2023. Yana da daɗin karatu, amma shingensa na takarda ne, tun daga tsakiya ka san iska za ta ɗauke shi.

Reshen tatsuniya da sihiri ya bi wata hanya dabam: ya gina duniyar da jinsin masoyan ba shi ne matsalar ba, sai yaƙi, ko gadon sarauta, ko tsohuwar gaba. A ƙasar Sin wannan ya kai ƙololuwa. Mo Xiang Tong Xiu ta fitar da Mo Dao Zu Shi babi-babi a intanet daga 2015 zuwa 2016, labarin matsafin da aka kashe ya dawo a jikin wani bayan shekara 13, ya tarar da mutum ɗaya da bai daina jiransa ba. Da aka mayar da shi shirin talbijin a 2019, sai masu tace fina-finai suka sa aka juya soyayyar ta zama aminci, kallo da kiɗa suka ɗauki abin da baki bai faɗa ba. Can shingen yana wajen littafi: a 2018 kotu ta yanke wa wata marubuciya mai laƙabin Tianyi ɗaurin fiye da shekara goma kan littafin da ta buga ta sayar.

Tambayar da ba ta mutuwa ita ce me ya sa mata suka fi kowa rubuta shi da karanta shi. Amsar da ta fi gamsar da ni ita ce, a labarin namiji da mace an riga an raba matsayi kafin a buɗe littafi: wa ke nema, wa ke jira, wa zai bar aikinsa, wa za a zarga. In duka biyun maza ne, sai a fara daga fili, mai karatu kuma ta huta da auna kanta da jarumar. Amma nan ma aibin yake. Marubuta da yawa suna shigo da tsohon rabon ta ƙofar baya, ɗaya ƙato mai iko, ɗaya siriri mai kuka, har ka rasa namiji na biyu a labarin. Tun 1992 wani ɗan gwagwarmaya a Japan, Masaki Sato, ya yi ƙorafin cewa ana wasa da rayuwar mutane irinsa don nishaɗin wasu. Ƙorafin ya sake tashi a 2015 da aka tabbatar Josh Lanyon mace ce. Ban yarda cewa jinsin marubuci ke yanke hukunci ba. Mary Renault ta rubuta The Charioteer a 1953, maza da yawa kuma sun ga kansu a ciki. Abin da ke yanke hukunci shi ne ko jaruman suna da uwa, da sana'a, da bashi, da tsoron Allah ko na mutane, ko kuwa kyawun fuska kawai aka ba su.

A Najeriya an taɓa batun, amma ba a wannan siga ba. Walking with Shadows na Jude Dibia, na 2005, labarin magidanci ne a Legas da asirinsa ya tonu, gidansa ya watse. Yana kusa da Baldwin, nesa da Merrick, kuma ba abin mamaki ba ne, domin marubuci ba ya iya yi wa jarumansa alkawarin da ƙasarsu ba ta yi musu ba sai ya yi ƙarya ko ya fitar da su waje.

Ga mai nazarin adabi da ke son sanin inda gwanintar take, ya nufi na tarihi da na wasanni, ya haɗa da Mo Dao Zu Shi. A nan ne shingen yake da gaske, masoyan kuma suke biyan farashin kowane taku. Mafi yawan sauran, duk da yawansu a kasuwa, labari ɗaya ne ake sauya wa riga.