Taron bita ba ya buga jarida

Da Katangar Balin ta rushe a 1989, ƙasashen gabashin Turai sun wayi gari da jaridu da gidajen rediyon da ba su san komai ba sai maimaita abin da jam'iyyar kwaminis ta faɗa. Nan da nan Amurka da ƙawayenta suka shigo da kuɗi da malamai, wai za su gina musu aikin jarida mai cin gashin kansa. Yau sama da shekara talatin ke nan, lokaci ya yi da za a buɗe littafin ciniki a ga riba da faɗuwa.

Kaso mai tsoka na taimakon ya tafi ne a tarukan bita. Hukumar USAID ta ba ƙungiyoyi irin su Internews da IREX kwangila, a tara 'yan jarida a otel, a koya musu jin ta bakin kowane ɓangare, a raba satifiket. Ba mu ce banza ba ne, an ƙaru. Amma ku duba Folan. Jaridar Gazeta Wyborcza ta fito ran 8 ga Mayun 1989 ƙarƙashin Adam Michnik, mutumin da ya sha ɗauri a hannun kwaminis, kuma da yawa cikin ma'aikatansa sun yi shekaru suna buga jarida a ɓoye. Irin waɗannan ne za a koya wa ƙarfin hali a ɗakin otel? Abin da suka rasa shi ne takarda, da injin bugawa, da motar rarrabawa, da mai ba da talla.

Mu da muke zaune a garin wasu mun fi kowa sanin bambancin ɗan haya da mai gida. Komai iya cinikinka, idan rumfar ba taka ba ce, ranar da mai ita ya ga dama sai ka kwashe kayanka. Haka abin yake ga jarida, kuma Sulobakiya ce ta nuna hakan ƙarara. A farkon 1993 aka tsige editan jaridar Smena a zamanin Firayim Minista Vladimír Mečiar, sai ma'aikatan suka bi shi suka kafa tasu, SME. Gwamnati ba ta tsaya musu da su ba, maɗaba'ar da ke buga musu aka matsa wa lamba. Wata gidauniya da aka kafa a 1995 da kuɗin George Soros, wadda yau ake kira MDIF, ita ta ba su rance suka mallaki injinsu. Rance fa, ba kyauta ba. Wanda zai biya bashi dole ya nemi mai saye, dole ya iya lissafi, kuma ba ya jin kunyar kowa tunda kuɗin zai mayar. A ganinmu wannan ne taimako mafi hankali da aka yi a yankin, sai dai bai yi yawa ba.

Akwai kuma waɗanda suka zo neman riba, kamfanonin Jamus da Suwizalan da Ostiriya da suka saye jaridu bila adadin. Sun kawo injuna da albashi, gaskiya ne. To amma baƙon ɗan kasuwa ba ya mutuwa a kan rigimar garin da ba nasa ba. A Hangari, jaridar Népszabadság ta bar hannun Ringier ta koma wajen wani kamfanin Ostiriya, aka rufe ta dare ɗaya a Oktoban 2016, sauran jaridun kamfanin suka faɗa hannun na kusa da Viktor Orbán. A Folan ma, a ƙarshen 2020 wani kamfanin Jamus ya amince ya sayar wa Orlen, kamfanin man gwamnati, jaridun yankuna 20 cikin 24 da ƙasar ke da su.

Masu dogaro da kyauta kuwa, kayan aro ba ya rufe katara. Rasha ta yi dokar "'yan koren ƙasashen waje" a 2012, daga baya ta faɗaɗa ta zuwa kafafen labarai, Jojiya ta yi makamanciyarta a 2024. Kuɗin da aka bayar don kare ɗan jarida sai ya zama sandar dukansa. Da gwamnatin Trump ta dakatar da USAID a farkon 2025, ƙananan kafafe da dama a Yukiren, ana tsakiyar yaƙi, suka koma roƙon masu karatu su tallafa, abin da ya kamata a taya su ginawa tun shekarun baya.

Ita kanta SME ba ta tsira daga rikicin mallaka ba. A 2014 rukunin kamfanonin Penta, wanda jaridar ta sha bankaɗo labarinsa, ya sayi hannun jari a kamfanin da ke buga ta. Editan da tarin ma'aikata suka ajiye aiki, a Janairun 2015 suka fito da Denník N, wadda yawancin kuɗin shigarta daga aljihun masu karatu yake fitowa, wata-wata.