Murya Ita Ce Fuska: Tsokaci Kan Samanja Mazan Fama

Ɗalibin da zai fara shirya labari don kunne yakan zo da biro, ya ɓata shafi guda yana siffanta rigar tauraro da tsawonsa. Mai sauraro kuwa ba ya ganin riga. Abin da yake kamawa shi ne murya, don haka wannan takarda za ta duba yadda aka gina tauraro da ita a wasan Samanja Mazan Fama, wanda marigayi Usman Baba Pategi (ya rasu a 2023) ya yi fice da shi a rediyo da talabijin na Kaduna.

Sunan ya samo asali daga muƙamin sajan-manjo, shi kansa Pategi kuma tsohon soja ne. Da zarar Samanja ya buɗe baki, an san wane ne: Hausar bariki ce mai cakuɗe da Ingilishi, wadda ba ta damu da bambanta jinsin namiji da na mace ba, ga tsawa ga umarni ko da a cikin gida ne. Ba a bukatar mai ba da labari ya ce ga soja nan ya shigo. Kakinsa da takalminsa duk suna cikin furucinsa.

Dabarar ba baƙuwa ba ce. A tatsuniya, tsamin bakin Gizo ne fuskarsa, kuma tsohuwar da ke yi wa yara tatsuniya da dare kan kaurara murya in ta zo kan Kura. Wanda ya karanta Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya zai sami labarin, amma sai ya karanta da ƙarfi kafin Gizo ya tashi.

Sai dai a nan ne masu koyo ke tuntuɓe. Sukan ɗauka gurɓatacciyar Hausa ce abin dariyar, sai su ɗora wa kowane baƙo gwaranci, wasan ya koma izgili ga ƙabila. A ganina Samanja ya tsira daga wannan ne domin harshensa na da dalili: barikin soja ya tara mutane masu harsuna daban-daban, Hausa ta zama mahaɗarsu. Ko da hakan, wani lokaci tsawar kan yi yawa har ta danne sauran taurari.

Aikin aji: a naɗi hirar mutum uku ta minti 2, ba tare da an ambaci sunan kowa ba, sannan a sa wani ya saurara ya faɗi shekarunsu da sana'arsu.