Da Yayyafi Kogi Kan Cika: Bitar Wani Bincike Kan Iskar Rana

Na daɗe ban karanta rubutun kimiyya da ya riƙe ni kamar wanda Lakshmi Pradeep Chitta na Cibiyar Max Planck da ke Jamus da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a watan Agustan 2023 ba. Na koma kansa sau da yawa, kuma kowane komawa sai na tsinci abin da ya wuce ni a baya.

Tambayar da suka ɗauko tsohuwa ce. Tun 1958 Eugene Parker ya yi hasashen cewa rana na hura wata iska mai zafi, mai ɗauke da caji, zuwa cikin sararin samaniya, kuma kumbon Mariner 2 ya tabbatar da hakan a 1962. Abin da ya gagara shi ne gano ainihin abin da ke ingiza ta daga kambin rana, wato farin hasken nan da masu kallon husufin 29 ga Maris 2006 suka gani a arewa maso yammacin Najeriya da kudancin Nijar.

Kyan aikin yana cikin hotunansa. A ranar 30 ga Maris 2022, kumbon Solar Orbiter na Hukumar Sararin Samaniyar Turai, yana tazarar kimanin kilomita miliyan 50 daga rana, ya leƙa wani yanki mai duhu na kambin kusa da ƙarshen kudun rana. Irin wannan yanki ne inda layukan maganaɗisu ke buɗewa waje, iska mai gudu ta kuɓuce. A cikin duhun nan masu binciken suka ga ƙananan tsartuwar gas birjik, kowace tana tashi da gudun kusan kilomita 100 a daƙiƙa, ta ɓace cikin daƙiƙa 20 zuwa 100. Na fi son yadda suka bi su ɗaya bayan ɗaya da haƙuri, suka auna tsawon rayuwarsu da ƙarfinsu, sannan suka danganta su da tsinkewa da sake haɗuwar layukan maganaɗisu. Iskar da muke ɗauka tana kwarara bai ɗaya, ashe a tushenta yayyafi ce.

Amma akwai inda na ɗan ja da baya. Taken rubutun ya ce tsartuwar ce ke ba iskar ƙarfi, alhali hujjar ta fito daga yanki guda, a rana guda, cikin ɗan gajeren lokaci. Sun ga gas yana tashi, sai dai ba su bi sawunsa har ya fita sarari ba, don haka adadin da suka ba shi ƙiyasi ne. Da sun sassauta taken, da ya fi dacewa da tsantsenin da ke cikin rubutun. Harshensa ma yana da tsauri ga wanda bai saba da fannin ba.

Duk da haka, aiki ne nagari da ya matso da mu kusa da amsa. A 2025 kumbon ya karkata hanyarsa har ya ɗauki hotunan ƙarshen kudun rana, inda za a iya gwada wannan magana da kyau. Duk ɗalibin kimiyya da ke son ganin yadda ake gina hujja daga hoto, ya nemi wannan rubutu ya karanta shi a nitse.