Cali Caplin da Dafaffen Takalmi

Waɗanda suka yi wayo a zamanin da motar majigi ke zagaya garuruwanmu ba za su manta da wani ɗan guntun Bature mai tsiton gashin baki ba, wanda akan nuna bayan an gama hoton tsabta da na noma. Ba ya cewa uffan, amma kafin ya taka sau uku fili ya ɗauka da dariya, yaro da babba, ba mai neman tafinta. Sunansa Cali Caplin, Turawa na rubutawa Charlie Chaplin. Akwai dattawan da ke ganin aikinsa wauta ce kurum, a faɗi a tashi a tsere wa ɗan sanda. Ni dai ban yarda ba, ga kuwa dalilina.

An haife shi a Landan ran 16 ga Afirilu, 1889. Uwa da uba duka mawaƙa ne a gidajen wasa. Uban ya bar gida, giya ta kashe shi a 1901. Uwar kuwa muryarta ta dushe, sana'a ta ƙare, daga baya hankalinta ya taɓu aka kai ta asibiti. Yana ɗan shekara 7 aka shigar da shi gidan da hukuma ke tara matalauta ta sa su aiki a bakin abinci. Karatunsa bai yi nisa ba, tun yana yaro ya shiga rawa da wasa don neman na sawa a baka. A 1908 ya shiga ƙungiyar wasan wani mutum wai shi Fred Karno, ita ce ta kai shi Amurka, inda ya fara fitowa a silima cikin 1914. Shekara 2 kacal bayan haka wani kamfani ya ɗauke shi a kan dala 670,000 a shekara.

To, a dubi shigar da ya zaɓar wa kansa. Wando burgujeje, kwat matsattsiya, 'yar hula ƙarama, takalma sun fi ƙarfin ƙafa, ga kwagiri a hannu. Kowane ɗaya daga kayan nan na masu hali ne a Ingila, sai dai duk kwance ne, ba wanda aka ɗinka dominsa. Watau mutum ne wanda ba shi da ko anini, amma ya ƙi yarda a ce masa wulakantacce. In an hankaɗa shi cikin kwata sai ya tashi ya karkaɗe kwat, ya ɗaga hula ya gai da wanda ya hankaɗa shi. Daga nan dariyar ke fitowa, daga nan kuma tausayin.

Inda abin ya fi bayyana shi ne cikin hotonsa na 1925, The Gold Rush, labarin masu rububin haƙar zinariya can ƙuryar arewa wajen Alaska. Ƙanƙara ta tsare shi da wani ƙato a cikin bukka, abinci ya ƙare ƙaf. Sai ya tuɓe takalminsa ƙafa ɗaya ya jefa a tukunya. Wani ɗan wasan da nan zai tsaya, ya yi ta yamutsa fuska, a yi dariya a wuce. Shi kuwa sai ya tsaya kan tukunya yana zungura da cokali kamar gwanin kuku, ya ɗauko faranti ya goge, ya zuba romo a kai, ya raba biyu da abokinsa. Igiyar takalmin ya nannaɗe ta a cokali mai yatsu ya ci kamar taliya. Ƙusoshin kuwa ya tsotse su ɗaya bayan ɗaya, yadda a ke tsotse ƙashin kaza, har da ɗaga ɗan yatsa irin na masu ladabin cin abinci. Mai kallo yana dariya hawaye na zuba, amma in ya taɓa kwana da yunwa ya san abin da a ke nuna masa. Wanda bai taɓa rasa abinci ba ba zai iya ƙago wannan ba. 'Yan kamanmu ma ai kusan duk waƙarsu ta tuwo ce da nama, sai dai su kwaɗayi su ke yi wa ba'a, shi kuwa fadan da talaka ke yi don kada yunwa ta ƙwace masa mutunci ya ke nunawa.

Haka kuma cikin The Kid na 1921, inda ya tsinci jariri ya rene shi, sa'an nan ma'aikatan hukuma suka zo ɗauke yaron zuwa gidan marayu. Shi da kansa an taɓa raba shi da uwarsa a irin wannan ƙofa.

Shi ke ƙago labarin, shi ke shiryawa, shi ke fitowa, daga baya har kiɗan shi ke tsarawa. Abin mamaki, duk shekarun da silima ba ta magana bai saba rubuta labari cikakke kafin a fara ɗauka ba. Yakan zo da ɗan tunani, a kafa kaya, a yi ta gwadawa ana zubarwa har abin ya nuna. A City Lights na 1931, wurin da makauniya mai tallar furanni ta ɗauke shi attajiri, sai da aka maimaita ɗauka sau 342. Ma'aikatansa sun sha wuya ƙwarai, don ba mai saurin gamsuwa ba ne.

Yanzu sai inda na ke ganin ya gaza. Hotuna masu magana sun fito a 1927, ya yi ta ja da baya shekara 13, sa'an nan ya buɗe baki sosai cikin The Great Dictator na 1940, wanda ya zauna ya rubuta shi tun daga farko har ƙarshe. A ciki ya yi wa Hitila ba'a, mutumin da kwana 4 ne kawai tsakanin haihuwarsu, ga gashin baki iri ɗaya. Ya yi jarunta, ba shakka, don a lokacin Amurka ba ta shiga yaƙi ba tukuna. Wurin da azzalumin ke wasa da taswirar duniya mai kamar ƙwallo, yana cilla ta sama har ta fashe masa a hannu, ya isa komi, ba kuwa kalma ko ɗaya a tsakiyarsa. Amma a ƙarshe sai Caplin ya ajiye wasa, ya fuskanci masu kallo ya yi musu wa'azi mai tsawo a kan 'yanci da zumunci. Maganar gaskiya ce, sai dai kowane mai lacca yana iya faɗinta. Ƙwallon nan da ta fashe ta riga ta faɗi abin, ta kuma fi shi iya faɗi. Hotunan da suka biyo baya duk wannan ciwo na damunsu, surutu ya yi yawa, ya koma yana tausaya wa kansa.

Zamansa na gida ma ba abin koyi ba ne. Matansa biyu na farko 'yan mata ne ƙanana sa'ad da ya aure su, auren kuma duk ya mutu cikin tonon silili. Wannan, da zargin wai yana goyon bayan Kwaminis, su suka ɓata shi a Amurka, ga shi kuwa bai taɓa karɓar takardar zama ɗan ƙasar ba. A watan Satumba na 1952, yana cikin jirgin ruwa zuwa Ingila, aka soke izinin komawarsa. Ya tare a Suwizalan, bai sake taka Amurka ba sai 1972 da suka kira shi suka ba shi lambar girma. Sarauniyar Ingila ta girmama shi a 1975, ya mutu ran 25 ga Disamba, 1977.

Shi kuwa talakan nan mai kwagiri, sau ɗaya tak aka ji muryarsa, cikin Modern Times na 1936. An sa shi waƙa a gidan abinci, aka rubuta masa kalmomin a hannun riga, suka ɓace masa wajen rawa. Sai ya rera da wani yare na ƙarya wanda ba ƙasar da a ke yinsa, hannu da ido na ba da labarin, jama'a na ta tafi.