Jinjina ga Masu Karanta Duwatsu

Duk wanda ya sha ruwan rijiyar burtsatse a Malali ko Kawo, akwai hannun wasu mutanen da bai taɓa gani ba a cikin wannan ruwan. Su ne masana duwatsu, masu tafe da ƙafa, guduma a hannu, taswira a aljihu.

Ƙarƙashin garin Kaduna ƙaƙƙarfan dutse ne shimfiɗe, wani ya haura shekara miliyan 500. Ruwa ba ya zama a cikinsa sai inda ya tsage, ko inda samansa ya rududduge. Gano wannan wurin aiki ne na mai haƙuri. Za ka ga ɗalibi durƙushe a kan falalen dutse da tsakar rana, ya ɓantari ɗan guntu, ya kai shi kusa da ido, yana bin jijiyar farin dutse da yatsa har inda ta nutse a marmara.

Tun 1919 aka kafa hukumar binciken ƙasa ta Najeriya, kuma a baya Kaduna ta daɗe tana masaukinta. Har gobe ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello na hawa dutsen Kufena domin wannan karatu.

Mai shirin haƙa rijiya, nemi shawarar masana duwatsu kafin ka kira injin. Allah Ya saka musu da alheri.